Ruwan Da Ke Ƙarƙashin Ɗakin Dorkas

Duk wanda ya san layinmu a Kontagora ya san gidan Maman Ruth, domin shi ne na ƙarshe idan ka gangaro, daga shi sai fadama. Sunanta Dorkas, amma tun da ta haifi 'yarta ta fari babu mai kiranta da shi sai mijinta. Ni tela ne, shagona yana fuskantar ƙofarta, kuma na yi shekaru ina taka keke ina kallon shigarta da fitarta. Abin da ban gani da idona ba ita ta faɗa mini da bakinta, a ranakun da takan kawo zane a yi mata kalmasa, ta zauna kan benci ta miƙe ƙafa tana matsa gwiwa.

Mutanenta Kambari ne na wani ƙauye bayan Salka, har yau akwai sauran harshen gida a Hausarta. Ta ce a ƙauyen nasu, da rani ya tsaya rafi yakan ƙafe ya bar yashi fari fat. Mata da 'yan mata su tafi da tuluna, kowa ta durƙusa ta tona rami har kafaɗarta ta shige, sannan ta zauna ta jira. Ruwa yakan taru a gindin ramin kaɗan-kaɗan, a kwasa da ƙoƙo a hankali don kada a tayar da laka. Tun tana yarinya ta san rafi ba mutuwa yake yi ba, ƙasa yake shigewa. Abin da ta tsana shi ne jiran. Ta ce takan zauna a kan yashi mai zafi tana roƙon Allah ya kai ta inda ruwa yake kusa.

Luka, wani kafinta ɗan cocinsu, shi ya aure ta ya kawo ta Kontagora. Sun daɗe a ɗakin haya kafin ya sami halin mallakar fili. Da bazara suka zo duba wurin. Ko'ina ƙasa ta ƙone, amma nan ciyawa kore shar, ga wani ɓaure a gefe ya cika da ganye. Tsohon da ke da filin bai ɓoye musu komai ba.

"Ɗana, nan shinkafa nake shukawa," in ji shi. "In ka ga wuri da kore a wannan wata, to, ka tambayi dalili."

Luka ya yi dariya ya ce, "Baba, ni ba noma zan yi ba, gini zan yi. Siminti ba ya tsoron laima."

Ita kuwa Dorkas idonta na kan ciyawar. Koren nan shi ya tafi da hankalinta.

Suka gina ɗakuna uku da bulo, suka tare kafin ruwan farko. Farkon damina lafiya lau. Sai da marka ta kankama cikin Agusta, wata safiya ta sauko da ƙafa daga gado ta ji sanyi ya ratsa ta. Daɓen ɗakin ya yi duhu, ya jiƙe. Luka ya hau rufi yana neman huda a kwano, ya bi kan ƙusoshi yana shafa kwalta. Washegari ruwan ya fi na jiya. Dorkas ta ja gado gefe, ta durƙusa a kusurwa, sai ta ga wata siririyar tsaga a siminti. Ta nan ruwa ke fitowa, garau da shi, yana ɗan motsa ƙwayoyin yashi.

Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne sama ta ɗauke, aka yi kwanaki ana rana, amma ruwan ɗakin sai ƙaruwa yake yi. Wasu suka ce asiri ne, wasu suka ce wurin yana da masu shi. Maƙwabciyarsu Hajjo, matar wani mai sayar da hatsi, ita ta ce a bar zancen nan a kira Baba Abdulsalami mai haƙar rijiya.

Baba Abdulsalami ya zo ya tsuguna a kusurwar, ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya ɗanɗana. Sannan ya fita ƙofar gida ya nuna musu tudun da ke gabas da layin, wanda a lokacin gonakin gero ne kawai a kansa.

"'Yata, wannan ba ruwan jiya ba ne," ya ce wa Dorkas. "Ruwan da ya sauka a kan tudun can ne tun farkon damina, yanzu ya iso gare ki."

"Ta ina ya biyo, Baba? Ban ga kwata ba."

"Ta ƙasa. Saman tudun jar ƙasa ce da tsakuwa, ƙarƙashinta marmara mai ramuka. Duk suna shan ruwa. In ya yi ta nutsewa sai ya tarar da yumɓu, ƙarƙashin yumɓu kuma dutse, ba hanya. To, sai ya karkata ya bi gangare. Kada ki zaci kogi ne a can ƙasa yana gudu. Tsakanin ƙwayar ƙasa da 'yar uwarta yake bi, kamar yadda ruwa ke bin tsumma in kin tsoma bakinsa a kwano. Ba ya sauri. Inda ƙasa ta yi kwari har ta kai inda yake, nan zai fito. Ku kuwa nan kuka kafa gado."

Luka ya ce, "To, yaya za a toshe shi?"

"Ba a toshe shi. In ka toshe nan, ya fito can. Sai dai mu haƙa masa rijiya a tsakar gida, ko ya rage muku."

Aka haƙa. Kan tsohon bai gama ɓacewa a ramin ba ruwa ya fara taruwa a ƙafarsa. Da ƙyar ya ƙara zurfi, yana haƙa ana kwashewa. Ruwa mai daɗi, mai sanyi. Dorkas ta ce ranar ta sha har cikinta ya yi nauyi, ta gode wa Allah. Amma rijiyar ba ta rage komai a ɗaki ba. Da damina takan cika har mutum ya ɗiba da hannu ba guga, kusurwar gado kuma tana nan tana tsattsafowa.

Daga nan rayuwar Dorkas ta rabu gida biyu, kuma babu ɓangaren da ke da hutu.

Daga tsakiyar damina har bayan kaka, aikinta na farko kowace safiya kwasar ruwa ne. Da tasa take farawa, ta cika bokiti, ta fita ta zubar a bayan gida, ta dawo. In ya yi ƙasa sai ta koma tsumma, ta shimfiɗa, ta matse, ta shimfiɗa, ta matse. Kafin ta gama ɗaki na uku na farko ya sake jiƙewa. Haka ta yi da cikin Ruth, haka ta yi da goyon ƙannen Ruth. Komai na gidan a kan bulo yake, gado, akwati, buhun masara, har murhu. Gindin bango ya yi gansakuka, sama da shi wani farin gishiri yana fitowa yana cin fenti. Kayan zuwa coci in an ciro su daga akwati sai an shanya, saboda warin fumfuna. Tsakanin yatsun ƙafarta kuwa ruwa ya cinye, kullum da fari da tsagewa, tana shafa man kaɗanya.

Luka bai zauna ba, a yi masa adalci. Ya fasa daɓe ya sake. Ya sa leda a ƙasa ya zuba siminti a kai. Ya haƙa lambatu ya zagaye gidan ya cika shi da duwatsu. Kowane gyara yakan yi damina ɗaya, wani lokaci biyu, sannan wata sabuwar tsaga ta buɗe. Da dabara ta ƙare masa sai ya koma ciko. Bayan 'yan shekaru ya kawo marmara ya zuba a ɗakunan, ya ɗaga daɓe, bayan wasu shekarun ya ƙara. Ƙasa tana hawa, rufi yana nan inda yake. A ƙarshe babu babban da zai shiga ɗakin Dorkas bai sunkuya ba. Ni da kaina na taɓa buga goshi a saman ƙofar ranar da na kai mata ɗinkin Kirsimeti. Ta ce, "Sannu, Tela. Gidan namu sai da ladabi ake shigarsa."

Da rani kuma sai abin ya juya. Ruwan ɗaki ya janye, daɓe ya bushe, amma rijiyoyin saman layi su ma sai su fara ja da baya. Ana ƙara igiya, ana ƙara igiya, har guga ya riƙa dawowa da laka. Kafin bazara ta yi tsakiya duk sun ƙafe. Ta Dorkas kaɗai ke da ruwa, domin duk abin da ya rage a cikin tudun nan wurinta yake gangarowa.

Tun da sassafe ake buga mata ƙofa. Mata da bokitai, 'yan mata da robobi, masu jarka, layi har bakin shagona. Tsakar gidanta ya zama kasuwa. A yi faɗa kan wa ya riga wa. A tsinka igiya, guga ya faɗa, a tsaya ana kallonta ita ta nemo ƙugiya. A taka mata shanya, a zubar da ruwa a ƙofar kicin har wurin ya caɓe kamar damina ba ta wuce ba. Ba ta isa ta ci abinci a tsakar gidanta ba tare da idanu a kanta ba. In ta kwanta da rana ta ɗan huta, sai ta ji, "Maman Ruth, a taimaka da guga."

Hajjo takan ce mata, "Ƙawata, ki sa lokaci mana. Safe da yamma kawai. Mutane in ba ki ja musu layi ba har gadonki za su hau."

"Na sani," in ji Dorkas. "Amma in na ga mace da tulu a ƙofa, ban iya cewa ta dawo anjima."

Ta gwada sa lokacin sau ɗaya. Bai yi mako ba ya rushe, domin kowa da uzurinsa, wannan baƙi ta yi, waccan haihuwa aka yi a gidansu.

Luka ya rasu da damina, bayan doguwar jinyar tari da ciwon ƙirji. An kai shi ƙauye aka binne, aka dawo nan zaman makoki. Na shiga gaisuwa na tarar an jera bencuna a kan bulo, matan zumuntar coci sun ɗage ƙafafu suna waƙa a hankali, fasto ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu. Hajjo ce ta dama kunu a gidanta ta yi ta aikowa. Dorkas tana zaune a tsakiya da baƙin ɗankwali. Da ta ga ruwa ya kusa taɓa tabarmar da tsofaffi ke kai, sai ta miƙe ta ɗauki tasa. Mata suka riƙe ta suka ce ta zauna. Ta ce, "Ku bar ni. In na zauna ma shi nake kallo."

Bayan Luka babu mai ciko, babu mai sake daɓe. Ruth ta yi aure a Mashegu, ƙannenta suka tafi neman aiki birni. Dorkas ta rage ita kaɗai da tasa da tsumma. Ta shuka gwaza da rake a bayan gida inda take zubar da ruwan, tana kai wa kasuwa, da shi take ci.

A cikin shekarun nan tudun gabas ya daina zama gona. Aka yanka filaye, gidaje suka hau shi tun daga ƙasa har sama, da gidajen haya masu ɗakuna barjat. Kowane gida da ramin masai, masu hali da sokawe, wato ramin da ruwan bayi ke taruwa. Ba wanda ya kawo komai a ransa, har da mu.

Dorkas ce ta fara jin canji. Ta ce ruwan ya yi wani nauyi a baki, kuma in ya kwana a randa yakan tashi da ɗan wari. Ta sa aka yashe rijiyar, aka kwashe laka da tsofaffin gugaye. Ya yi kamar ya gyaru, sai warin ya dawo. A ƙarshen wata damina sai amai da gudawa suka shiga layin, yawanci yara. Jikar Hajjo, Aminatu, sai da aka kwantar da ita aka yi mata ƙarin ruwa kafin ta farfaɗo. Wani gida a tsakiyar layi suka rasa 'yar yaye. Babu wanda ya fito ya ce rijiyar ce, amma babu wanda ya ce ba ita ba ce.

Wata ma'aikaciyar duba-gari, Malama Khairat, ta zo ta bi gida-gida tana tambayar inda ake ɗibar ruwan sha. Ta ɗebi na Dorkas a kwalba ta tafi da shi. Da ta dawo bayan kwanaki, ba ta tsaya a ƙofa ta yi magana ba. Ta ce, "Mama, in ƙafarki za ta iya, zo mu ɗan taka."

Suka hau tudun a hankali, Dorkas tana tsayawa tana hutawa. Malama Khairat ta riƙa nuna mata bayan gidaje, inda bututun masai ke leƙowa, da inda sokawe ya cika yana jiƙa gindin katanga.

"Mama, kin san daga ina ruwanki yake zuwa?"

"Na sani, 'yata. Daga nan. An faɗa mini tun shekarar da muka tare a gidan."

"To, hanyar da yake bi ba ta canza ba. Abin da ke kan hanyar ne ya canza. Ramukan nan da yawansu sun kai marmara, da damina kuma ruwan ƙasa yana tasowa ya same su. Ƙasa tana tace ƙazanta in ta sami tazara da lokaci. Nan ramukan sun yi yawa, sun yi kusa, ruwan kuma ba shi da zurfi. Abin da aka gani a kwalbar nan bai kamata ya shiga cikin mutum ba."

Dorkas ta tsaya ta dubi gangaren. Daga nan ana hango rufin gidanta a can ƙasa, ya yi tsatsa, da koren gwaza a bayansa.

"In an zuba magani fa?"

"Zai yi kwana kaɗan. Wani ruwan yana tafe a bayansa. Ba laifinki ba ne, Mama, kuma ba abin da za ki iya gyarawa daga tsakar gidanki ba ne. A yi wanki da shi, a ba shuka. Sha kuwa sai an tafasa sosai, in da hali ma a bar shi."

Dorkas ta ce, "Shekara da shekaru ina kwashe shi daga ɗaki ina cewa ko ba komai mai tsabta ne." Suka juya suka sauko.

Da rani ya zo ta tsaya a bakin rijiya da kanta tana faɗa wa duk wadda ta zo, na wanki ne, ban da sha, in za a sha a tafasa. Kowa ta ce to. Amma itace yana da wuyar samu, kuma ruwan a ido garau yake. Wata rana da azahar ta fito daga ɗaki ta ga wata yarinya ta kafa kai a guga tana sha, uwarta na tsaye tana ɗaura gammo. Da yamma Dorkas ta zo shagona ta ce in raka ta wurin mai walda. Aka yi wa rijiyar murfin ƙarfe, aka sa kwaɗo.

Wannan ranin shi ne mafi muni da na gani a layin. Rijiyar burtsatse mafi kusa tana can bakin titi, ga layi, ga wutar lantarki ba kullum ba. 'Yan garuwa ba sa son gangarowa da kura saboda hawan komawa. Mata suka yi ta buga ƙofar Dorkas. Wasu da roƙo, wasu da kuka. Wata da ta yi shekaru tana ɗiba a nan ta tsaya a tsakiyar layi tana ɗaga murya.

"Ruwan Allah ne, ba na gadon gidanku ba! Mun sha shekara nawa ba mu mutu ba? Tsufa ya zo da rowa, shi ke nan!"

Hajjo ta fito da mayafi a hannu, ko yafawa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Ke, ji nan. Jikata na riƙe a gadon asibiti, idonta ya kafe. Matar nan ta shayar da ke, ta shayar da 'ya'yanki, ko igiya ba ki taɓa saya mata ba. In kina son ruwan, je ki ce wa masu masai na tudu su kwashe abinsu."

Dorkas tana ciki, ba ta fito ba. Daga baya ta gaya mini wai ba zagin ne ya dame ta ba. Ta ce da ƙofar ta yi shiru, ta zaci za ta ji daɗi, sai ta tarar ta gaji har ba ta san yadda ake hutawa ba. Ita ma ta koma sayen ruwan sha a jarka. Nakan ga ta tsaya a ƙofa tana jiran mai kura ya yarda ya gangaro, alhali ruwa yana kwance ƙarƙashin tafin ƙafarta.

Mutanen layi sun yi taro a kan maganar, an je an dawo, an ce za a duba. Wasu masu gidajen tudu sun gyara ramukansu, yawanci ba su yi ba. A hankali kowa ya sami wata hanyar, aka saba. Waɗanda suka daina gaishe ta suka dawo suna gaishe ta, ba tare da an tayar da zancen ba.

Damina kuwa ba ta fasa zuwa ba. Yanzu da ta san abin da ke cikin ruwan, Dorkas takan sa takalmin roba da safar hannu ta leda kafin ta fara kwasa, ta wanke daɓe da sabulu bayan ta gama. Aikin ya ninku, gwiwoyinta kuma sun kumbura. Ta rufe ɗakin baya ta bar wa ruwa, daga baya ta bar masa na tsakiya. Ta tattara kanta a na gaba. Ina daga shago nakan ji ƙarar tasa a kan siminti, ta yi ta yi, ta tsaya, a daɗe, sannan ta ci gaba.

Wata Lahadi cikin Satumba, tana coci, bangon ɗakin baya ya zauna. Ba iska, ba ruwan sama. Gindinsa ne ya ruɓe, ya sulale ya kwanta a kan gwaza, rufin ya biyo shi. Da ta dawo ta tsaya ta duba, da littafin waƙoƙinta a hannu. Ta ce, "Ai ya yi ƙoƙari." Ta shiga ɗakin gaba ta kwanta da kayan cocin a jikinta.

Hajjo ce ta sa aka kira Ruth a waya. Ruth ta zo daga Mashegu da mijinta Philip, manomin doya, mutum marar yawan magana. Ya zagaya gidan yana danna bango da yatsa, bulo yana marmashewa.

Ruth ta durƙusa gaban uwarta ta ce, "Mama, na sha faɗa miki kina ƙi. Yau ban zo roƙo ba. Mun gyara miki ɗaki."

Duk mun zaci za a yi dogon ja-in-ja, domin da can in an kawo zancen takan ce gidan Luka ne, ba ta barinsa. Sai ta ce, "To."

"To, me, Mama?"

"To, mu tafi. Ba ni da ƙarfin gardama."

Philip ya samo a-kori-kura. Kayan ba su da yawa. Da aka zo ɗaga gadon, wanda Luka ya yi da hannunsa, ƙafafunsa biyu suka rage a kan bulo, sun zama kamar dafaffen rogo. Ruth ta ce a ɗauka a gyara. Dorkas ta ce a bar shi. Ta ba Hajjo mabuɗin gida da na rijiya, ta ce kada ta buɗe wa kowa ko da an yi mata kuka. Suka riƙe hannun juna a bakin mota sun daɗe.

Hajjo ta ce, "Ki yafe mini, ƙawata."

"Ba ki yi mini komai ba sai alheri. Ni ma ki yafe mini. Ki cire gwazan nan kafin ya ruɓe."

Ta leƙo ta ce mini, "Tela, sai wata rana." Na ce Allah ya kiyaye hanya, Mama. Motar ta hau layin da ƙyar, tana zamewa a laka.

Gidan yana nan, babu wanda ya taya. An cire kwanon da ya rage, ciyawa ta fito a cikin ɗakunan, da damina ruwa yakan fito ta ƙarƙashin ƙofa ya bi gefen layi ya shiga fadama.

Kwanakin baya Ruth ta shigo Kontagora sayayya, ta biyo ta shagona da atamfa a ɗinka wa uwarta riga. Na tambaye ta jikin Mama. Ta ce da sauƙi, ƙafar ta warke, gwiwa ce dai sai a hankali. Na ce me take yi a can, ita da ba ta iya zama ba?

Ruth ta ce, "Barci. Ta karya ta kwanta, ta ci na rana ta kwanta a gindin mangwaro. Har na tsorata na kai ta asibiti, suka ce ba abin da ke damunta. Philip ya ce a ƙyale ta."

Na auna atamfar, na tambaye ta ko a yi rigar da ɗan faɗi. Ta ce a yi, Mama ta fara ƙiba.